Kunnen Kasafi da Muryar Dajin Rugu: Abin da Batsari da Safana Za Su Ɗauka daga Tsibiran Fasifik

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda kasafin kuɗin tarayya da na Jihar Katsina ke kallon Dajin Rugu ta ɓangaren ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Hujjarta ita ce kasafi ba ya ware kuɗi mai ɗorewa sai ga abin da aka ƙidaya, kuma a Rugu an fi ƙidaya mutanen da aka kashe da shanun da aka kora a kan itatuwa da tsuntsaye da ruwan fadama. Ta kawo misalin ƙananan ƙasashen tekun Fasifik, waɗanda suka mayar da lissafin abin da ke cikin ruwansu ginshiƙin kasafinsu da makamin siyasarsu. Daga nan ta nuna hanya mai arha ta fara lissafin daji, wato naɗar sautinsa tare da kunnen mutanen da suka tashi a bakinsa, ta kuma faɗi haɗarin da ke cikin hakan.

Dajin da hukuma ke ji ta bakin bindiga

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan wata dokar tsaro mai tsauri. Dokar ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Cikin Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan biyun na ciki. Mai kula da gandun daji da ya karanta dokar zai tsaya a layin itacen nan. Da ma'aikatar muhalli ce ta nemi a hana jigilar itace, da an sha taro da kwamiti kafin a kai ga haka. Sai ga shi umarnin ya fito cikin takardar tsaro a dare ɗaya, ba don tausayin marke ko ƙirya ba, don dai a toshe wa ɓarayin daji hanyar kaya da labari.

Haka hukuma ta saba jin Rugu. Dajin ya miƙe daga Jibiya, ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har Ƙanƙara, ya jingina da Zamfara ta yamma, ta arewa kuma ya yi gaba zuwa dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, galibinsu manoma da makiyaya. Gero da dawa da rogo da dankalin da ake lodi a kasuwar Batsari, da nonon da ke fitowa daga rugagen Runka, duk a gefen wannan daji ake samar da su.

Tsoron dajin ba na yau ba ne. A Maris ɗin 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya yada zango a Zakka, wadda ke cikin Safana a yau, kafin ayarinsa ya keta daji zuwa wajen Zurmi cikin fargabar mahara. A ƙarnin nan ne Ruma ta zama garin bakin daga tsakanin Katsina da Katsinawan Maraɗi.

An taɓa yi wa dajin wani kallo daban. A shekarun 1960 gwamnatin Arewa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, ta mayar da gandun Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ta zamani, aka yi madatsun ruwa da wuraren kula da lafiyar dabbobi a yankin Runka, a daidai zamanin da aka kafa dokar makiyayu ta 1965. An gina, an buɗe, masu tallafi suka koma gida. Kuɗin yashe dam da gyaran famfo da albashin mai gadin iyaka, waɗanda ake bukata kowace shekara, su ne suka riƙa ƙafewa har gonaki da gatari suka ci burtali. Za a sake komawa kan wannan batu, don shi ne tsohon ciwon kasafinmu.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa daji da su. An yi sulhu da ɓarayin daji a 2017, an sake a 2019, al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana sun zauna da mutanen daji a 2025. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, a Mayun 2025 kuma shugaban ƙasa ya amince a kafa dakarun tsaron dazuzzuka. Babu mai hankalin da zai ce kada a kashe kuɗi a tsare rai. Tambayar takardar ita ce: ranar da bindiga ta yi shiru, da wane lissafi za a san abin da ya rage na dajin?

Inda kuɗin yake

Kasafin tarayya na 2024 ya kai naira tiriliyan 28.7, na 2025 kuma tiriliyan 54.99, wanda sama da tiriliyan 14 a cikinsa na biyan bashi ne. A daftarin 2025 da aka kai majalisa, tsaro ya samu tiriliyan 4.91. Kasafin Katsina ya tashi daga kimanin biliyan 454 a 2024 zuwa sama da biliyan 680 a 2025. Kaso mai yawa na wannan hauhawa faɗuwar darajar naira ce tun daga 2023, amma duk da haka kuɗi na shigowa.

Na muhalli ma yana da ƙofarsa. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya: kashi 1 cikin ɗari ga gwamnatin tarayya, 0.72 ga jihohi, 0.60 ga ƙananan hukumomi. Ke nan Batsari da Safana suna da nasu rabo a kowane wata da aka yi rabon arziki a Abuja. Dokar 2015 ta kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa don jihohi 11 na bakin hamada, Katsina na ciki. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Tarihin asusun muhallin bai da daɗin ji. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, kafin a yi masa afuwa a 2022. Sai dai ko an ajiye sata gefe, akwai matsalar da ta fi ta zurfi. Takardar kasafi tana auna aikin muhalli da abin da aka saya: tsirrai nawa aka raba, rijiya nawa aka haƙa, waya mita nawa aka kewaye. Ana iya dasa tsiro dubu ɗari a Yuli a rubuta an cika aiki, awaki su cinye su kafin Maris, rahoton ƙarshen shekara kuma ya kasance gaskiya ne a takarda. Kwangila tana da mai bin ta, tana da ranar yanka zare. Bibiyar abin da ya faru bayan shekara uku ba ta da ɗan majalisar da zai tsaya mata.

Maƙwabtanmu sun nuna yadda hukuma ke iya makancewa ko da alheri ne ke faruwa. Daga 1983 manoman Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gonakinsu su yi masa sassabe maimakon su ƙone shi, aikin da aka san Tony Rinaudo da yaɗa shi. Sai bayan kusan shekara ashirin, da masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, aka gane cewa Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a gonakin talakawa, alhali rahotannin ofis suna ta kukan hamada.

Masu teku babu ƙasa

Tuvalu ƙasa ce mai mutum kimanin 11,000, ba su kai jama'ar mazaɓa ɗaya ta Batsari ba, a kan tudun da bai wuce murabba'in kilomita 26 ba. Amma tekun da dokar duniya ta ba ta ya haura murabba'in kilomita 700,000. Kiribati kuwa nata ya haura miliyan 3. A cikin wannan ruwa kifin tuna yake, kuma shekara da shekaru jiragen Japan da Koriya da Taiwan da Amurka suna kwasa suna biyan abin da suka ga dama, saboda kowane tsibiri shi kaɗai yake ciniki, kuma ba ya da hanyar sanin abin da aka kama.

A 1982 aka ƙulla Yarjejeniyar Nauru, wadda a yau ta haɗa ƙasashe takwas: Kiribati, Tuvalu, Nauru, Palau, Papuwa Niyu Gini, Tsibiran Solomon, Tsibiran Marshall da Maikoronesiya. Abin da ya juya ciniki ya zo a ƙarshen 2007, da suka daina sayar da lasisi a dunƙule suka koma sayar da kwana. Ana ƙayyade kwanakin kamun kifi na shekara, a raba wa ƙasashen, kowane jirgi ya sayi kwanansa. Kowane jirgi yana ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake, kuma daga 2010 sai da ɗan sa-ido a cikin kowane babban jirgin koma. Daga 2015 mafi ƙarancin kuɗin kwana ɗaya ya zama dala 8,000. Abin da ƙasashen ke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 a shekara cikin shekara goma. A Kiribati kuɗin kifi ya fi rabin kuɗin shigar gwamnati. Kifin bai ƙaru ba. Masu shi ne suka koyi ƙidaya shi, suka kuma yarda su biya masu ƙidayar kowace shekara.

Sun kuma yi maganin ciwon nan na Runka. Tun 1956 aka buɗe wa Kiribati asusun ajiya daga kuɗin ma'adinin fosfet. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Tuvalu da Ostireliya da Niyu Zilan da Birtaniya suka kafa asusun amana da dalar Ostireliya miliyan 27, ribarsa ce ke cike giɓin ayyukan yau da kullum a shekarar da aljihu ya yi sanyi.

Kada a ɗauka duk labarin tsibiran mai daɗi ne. Nauru, mai murabba'in kilomita 21, ta samu 'yanci a 1968 tana cikin masu kuɗin duniya idan aka raba wa kowane kai. Ta haƙe fosfet ɗinta har kusan kashi huɗu cikin biyar na tsibirin ya zama kwazazzabai, aka narka ajiyar a gine-gine da jirage, har da wani wasan daɓe da aka ɗauki nauyinsa a Landan a 1993 ya faɗi warwas. Daga 2001 ta koma karɓar kuɗin Ostireliya don tsare masu neman mafaka. A Janairun 2024 ta juya wa Taiwan baya ta koma wa Sin, kamar yadda Kiribati da Tsibiran Solomon suka yi a 2019. Ƙasar da kasafinta ya dogara da na waje, ƙuri'arta ma kayan kasuwa ce. Mai sayar da gawayin ƙirya buhu-buhu zuwa birni ya kamata ya ji labarin Nauru, don ita ma ma'adinin da ba ya dawowa da wuri take ci.

A fagen siyasar duniya kuwa, tun 1991 Vanuatu ta kawo shawarar a kafa asusun biyan ƙasashen da hauhawar teku za ta cuta. An yi shekara 31 kafin a amince da asusun asara da ɓarna a taron Sharm el-Sheikh na 2022. Guguwar Pam ta 2015 ta yi wa Vanuatu ɓarnar da ta kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma sun ƙididdige ta sun riƙe. A 2019 ɗaliban lauya na Jami'ar Kudancin Fasifik suka fara neman a kai batun sauyin yanayi Kotun Duniya. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a ranar 29 ga Maris 2023, kotun da ke Hague ta ba da ra'ayinta a ranar 23 ga Yulin 2025 cewa kare yanayi wajibi ne na shari'a a kan ƙasashe. Wani abin lura: a ƙarshen 2017 Fiji ta sayar da takardun lamunin muhalli na dalar Fiji miliyan 100, a Disambar shekarar Nijeriya ta bi sahu da naira biliyan 10.69, ta farko a Afirka, kuma dashen itatuwa na cikin abin da aka ce za a yi da kuɗin. Ashe hanyar ba baƙuwarmu ba ce.

Kwatancin yana da iyaka. Tuvalu na da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, Safana ba ta da ita. Tuna na da mai saye, kukan fakara ba shi da shi. Abin da za a ɗauka shi ne cewa ƙaramin da ya zo teburin rabo da lissafin kansa a hannu ba a sallamarsa da hoto da alkawari.

Asuba a bakin fadama

Tauraron ɗan'adam na iya nuna inda ya yi kore da inda ya yi fari. Ba ya bambance tsohon dajin marke da kanya da taramniya da sabon saɓon sabara da geza da ya tashi a gonar da aka gudu aka bari, kuma ba ya faɗin ko akwai mai rai a ƙarƙashin ganyen. Mai ƙidayar tsuntsaye da ƙafa kuwa ba zai shiga Rugu da littafi da madubi a wuya ba. A nan ne kunne ke da aiki.

A ɗauki asubar watan Yuli a bakin wata fadama ta yammacin Safana, bayan an kwana ana ruwa. Kafin kiran sallar farko kwaɗi ne ke da fili, burduddugi na bugawa daga ƙasa, ƙananan na amsawa daga cikin ciyawa, gyare na cike tsakani. Da gabas ta fara ja sai yautai ya yi shiru, fakara ta hau kan suri ta ɓarke da kukanta mai kaushi. Kurciya ta karɓa, cilakowa ta yi ta fito daga kan aduwa, can cikin duhuwa ragon maza ya sako nasa mai gangarowa kamar ana tsiyaye ruwa daga buta. Idan wurin yana da sauran albarka, daga nesa za a ji wani gurnani mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin kunne. Burtu ke nan.

Kowace murya a nan shaida ce. Burtu ba ya sheƙa sai a kogon babban itace ko na dutse, yana kuma daɗewa kafin ya yi ɗa, don haka inda gurnaninsa ya ɗauke, manyan itatuwa sun tafi ko mafarauta sun yi yawa. Su ma mafarautan sun san darajarsa, tunda da ƙoƙon kansa suke sanɗar nama. Fakara da zabon daji na faɗin ko ciyawa ta tsira daga gobara da kiwo. Yawan makonnin da kwaɗi suka yi suna kuka shi ne yawan makonnin da fadama ta riƙe ruwa, wato labarin da mai lambu da mai shanu suka fi bukata. Gunjin ƙudan zuma a kan tutun ɗorawa a ƙarshen hunturu alamar kalwar bana ce. Hayaniyar jan-baki a kwanansu gargaɗi ce ga mai gero. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar Nijeriya, ta kusa ƙarewa a ƙasar, ungulun kasuwa kuma tun 2015 tana jerin masu dab da ɓacewa a duniya. Ita shamuwa da kowa ke ambata in ana zancen damina ba za ta taimaka a nan ba, don kusan bebiya ce, sai dai kaɗa baki a sheƙa. Tata shaidar ta ido ce.

Mutanen bakin dajin ba sa bukatar a koya musu wannan. Makiyayi ya san kukan carki a bayan saniya, ya san ihun zabi idan wani abu ya gitta. Shekarun nan kuma sun kaifafa kunnen jama'a ta hanya mai ɗaci. A ƙauyukan Wagini da Runka ana bambance ƙarar babur ɗaya na mai dawowa daga kasuwa da rugugin babura da yawa masu tafe a jere, ana auna nisan harbi, ana sanin haushin kare na banza da wanda ke sa a ce "sun shigo" a suri yara a yi jeji. Ƙwarewa ce ta gaske, kuma duk ta tafi ga tsira da rai.

Ilimin jin daji ya samu gindin zama a jami'o'i, wani ɓangare nasa ma daga Fasifik ya fito. Steven Feld ya zauna da mutanen Kaluli na Bosavi a Papuwa Niyu Gini, ya nuna a littafinsa na 1982 cewa da kuka suke sanin tsuntsaye, da sauti suke sanin lokaci da nisa a dajin da ido ba ya ganin gaba. A tsaunukan Adelbert na ƙasar, inda ƙauyuka suka raba filinsu da kansu zuwa na noma da na farauta da na hani, Zuzana Burivalova da abokan aikinta sun rataya na'urorin naɗar sauti, suka wallafa a 2018 cewa cikar muryoyi da asuba da almuru tana raguwa inda hannun mutum ya yi yawa. Abin da ya ba ƙauyukan shi ne hujjar da za su nuna cewa haninsu yana aiki. A Amurka, Bernie Krause ya naɗi wani daji na Kalifoniya a 1988 kafin a shiga yankan katako na zaɓe, ya koma bayan an yi. A ido dajin na nan, a faifai kuwa muryoyin asuba sun zube.

Kayan aikin sun yi arha. AudioMoth, wadda masu bincike na Southampton da Oxford suka ƙera, ba ta fi tafin hannu ba, da batirin rediyo ƙanana take aiki, tana zuba sauti a katin memori, kuɗinta bai kai dala 100 ba. Ana saita ta ta ɗauki minti ɗaya cikin kowane goma, a ɗaure ta a itace cikin leda, a dawo bayan makonni. Ba ta bukatar sabis, abin da ke da muhimmanci a yankin da aka taɓa katse wa waya wata da watanni. Manhajar BirdNET ta Jami'ar Cornell na iya tace dubban sa'o'i ta fitar da sunayen tsuntsaye, sai dai ta fi ƙwarewa a na Turai da Amurka, don haka dole a zaunar da tsohon maharbi da ardo su saurara su gyara mata. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana horar da masana, tana kuma jagorantar taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina.

Layi ɗaya a kasafi, da abin da zai iya ɓata shi

Na'ura 100 ba za su kai dala 10,000 ba, ƙasa da kuɗin motar sintiri ɗaya. Sayen ba shi ne wuya ba, don shi ne irin abin da kasafi ke so. Wuyar tana ga batiri da kati da alawus ɗin wanda zai sauya su, da kuɗin zaman dattawan da za su saurara, da ɗalibin da zai rubuta, damina bayan damina har shekara goma. Sautin shekara ɗaya ba ya faɗin komai sai an gwada shi da na baɗi. Don haka takardar ke ganin wurinsa yana cikin kuɗin ayyukan yau da kullum, a ɗaure shi da rabon asusun muhalli na ƙananan hukumomin biyu ta hanyar dokar kansila, yadda sauyin shugaba ba zai kashe shi ba. Sannan a ɗora sharaɗi a kan duk aikin dashe ko yashe dam da za a yi a yankin: a naɗi wurin kafin a fara, a sake bayan shekara uku, a manna sakamakon a sakatariya da harshen Hausa.

Haɗarin babba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A wasu dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da Amurka ta Tsakiya ana amfani da irin waɗannan na'urori wajen gano harbin mafarauta, kuma tabbas wani zai ce a yi haka a Rugu. Wannan takarda ba ta goyon baya. A yankin da zargin infoma ke kashe mutum daga kowane ɓangare, yaron da aka gani yana ɗaure akwati a itace ya shiga uku, shi da ƙauyensu. Ranar da aka ji cewa katin memori ɗaya ya isa hannun jami'an tsaro, aikin ya mutu, sulhun da aka ƙulla da ƙyar ma ya girgiza. Na'urar kuma ba ta zaɓe, za ta ɗauki hirar mata masu itace da ta makiyaya, don haka sai an yarda tun farko a kan goge muryar mutane, da wanda ke riƙe da faifan, da wanda ba zai taɓa shi ba.

Saboda haka ba a tsakiyar daji za a fara ba. Za a fara a bakin dam, da fadamun da ake nomawa, da kurmin maƙabarta inda manyan itatuwa suka tsira, da harabar makarantun ƙauye, da sanin hakimi da dagaci da mai unguwa da ardo, a gaban kowa. Ardo musamman, don idan makiyaya suka ɗauki aikin a matsayin share fagen ƙwace musu makiyaya da sunan kare muhalli, sun yi gaskiya su ƙi shi. Amfanin farko da za a nuna musu shi ne na ruwa: wace fadama ce ke saurin ƙafewa, wane dam ne ya cike da yashi, wanne ya kamata a fara yashewa.

Ƙofar shigar da batun a buɗe take. Tun shirin gyaran harkar kuɗi na jihohi da Bankin Duniya ya tallafa daga 2018, Katsina na wallafa kasafinta, gwamnatin yanzu kuma tana tarukan jin ra'ayin jama'a a mazaɓu 361 na jihar kafin ta kai daftari majalisa a ƙarshen shekara. A irin taron nan a Ruma ko Zakka, buƙatun da za su fara fitowa tsaro ne da hanya da asibiti da taki, kuma haka ya dace. Wanda zai kawo maganar naɗar sauti sai ya zo da kuɗinta a rubuce, da sunan sashen jami'ar da ya yarda ya riƙe faifan, da amincewar ardo da sarkin noma, kafin wa'adin miƙa buƙatun ma'aikatu ga ofishin kasafi ya cika.